Babi na Biyar: Wa Ke da Magana Yanzu?

Duk wanda ya saba da karta ko Whot, ya san doka ɗaya da ba ta da gardama: idan layi ya zo kanka ka jefa, idan ya wuce ka sai ka naɗe hannu ka jira. Shi ya sa mutumin da ya fara zama kallon Magic: The Gathering yakan rikice tun minti biyar ba su cika ba. Yana ganin ɗan wasa ya ajiye kati a zagayensa, sai abokin karawarsa, wanda ba layinsa ba ne, ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ya jefa nasa. Abin da ya fi ɗaure kai ma shi ne katin da aka jefa daga baya shi ke fara aiki. Nan take tambayoyi biyu ke zuwa bakin mai kallo: wa ya ba wancan izinin sa baki, kuma me ya sa na baya ya riga na gaba?

Amsar tana cikin ƙa'idoji biyu da suka riƙe wasan gaba ɗaya. Ta farko ita ce damar motsi, wadda ke fayyace wanda ke da ikon yin wani abu a kowane lokaci. Ta biyu ita ce tarin jira, inda katunan da aka jefa ke tsayawa kafin su zartu.

Matsalar da Garfield ya janyo wa kansa

Richard Garfield masanin lissafi ne Ba'amurke. A 1993 kamfanin Wizards of the Coast, wanda Peter Adkison ke shugabanta a lokacin, ya fitar da wasan da ya ƙirƙira, kuma shi ne ya buɗe kasuwar katunan da ake saye, a tara, a yi musaya, sannan a kara da su. Kowane ɗan wasa yana zuwa da ƙunshinsa na kati aƙalla 60, ya fara da bakwai a hannu da makin rai 20. Wanda makinsa ya ƙare ya faɗi.

Garfield ya so wasan ya yi kama da artabun matsafa biyu, inda ɗaya zai yi jifa ɗaya ya kare tun abin bai iso ba. Don haka ya kasa katunan sihiri gida biyu. Akwai na jiran lokaci, waɗanda ba a jefa su sai a zagayen mai su. Akwai kuma na nan-take, waɗanda ake iya jefawa ko a zagayen wa ake. Daɗin wasan daga nan ya fito, rigimarsa ma daga nan ta fito, domin da zarar an ba mutum biyu izinin motsi a zagaye ɗaya, dole a samu ranar da kowa zai ce shi ya riga.

Dokokin farko sun yi ƙoƙarin raba gardamar, amma sun cakuɗe. Akwai wani rukuni na uku na katunan katsalandan da suka fi na nan-take sauri, katuna kuma suna zartuwa ne rukuni-rukuni bisa tsarin da ko ƙwararru sai sun tsaya sun yi tunani. Da aka fara babbar gasar Pro Tour a birnin New York a 1996, aka sa kuɗi a ciki, sai buƙatar doka mai tsafta ta zama dole. A 1999, tare da fitowar bugu na shida, aka soke rukunin katsalandan, aka kawo tarin jira. Tsarin da ake bi har yau ke nan.

Dama ɗaya, hannu ɗaya

Ginshiƙin dokar gajere ne. A kowane lokaci mutum ɗaya ne kaɗai ke riƙe da damar motsi, kuma wanda ba ta hannunsa ba, ba ya jefa kati, ba ya tada ikon wani katin da ke kan tebur. Sauri ba ya amfani a nan, ɗaga murya ma haka.

A farkon kusan kowane mataki, mai zagaye ne ke fara karɓar damar. Zaɓinsa biyu ne: ya yi wani abu, ko ya miƙa. Idan ya jefa kati, katin ba ya aiki nan take. Yana hawa kan tari ya tsaya, damar kuma ta koma hannun wanda ya jefa shi, ko yana da abin ƙarawa. Idan ba shi da shi, sai ya miƙa wa abokin karawarsa. Shi ma zaɓin nan biyu ne a gabansa. In ya jefa nasa, ya hau kan na farko. In ya miƙa, to an samu abin da doka ke jira: kowa ya miƙa a jere ba tare da wani ya yi komai a tsakani ba.

A nan ne abu ɗaya daga cikin biyu ke faruwa. Idan akwai kati a kan tari, na sama kaɗai ke zartuwa, sannan damar ta koma hannun mai zagaye a sake zagayawa. Idan tarin babu komai, matakin ya ƙare, an shiga na gaba. Littafin cikakkun dokokin wasan ya haura shafi 200, amma abin da sashe na 117 ya ƙunsa kan lokaci da dama bai wuce wannan ba a taƙaice.

Na ƙarshen hawa, na farkon sauka

Tarin jira kamar lodin buhuna ne a bayan mota: buhun da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa, na ƙasa kuwa sai an kwashe duk abin da ke kansa. Katuna uku da suka fito tun 1993 sun isa su nuna yadda wannan ke juya wasa.

Mai katunan kore yana da Grizzly Bears, wato beyar, a kan tebur, halitta mai ƙarfin duka 2 da juriya 2. A hannunsa akwai Giant Growth, katin nan-take da ke ƙara wa halitta 3 a duka da 3 a juriya har ƙarshen zagaye. Mai katunan ja yana riƙe da Lightning Bolt, wato aradu, shi ma na nan-take, wanda ke yin ɓarna 3 ga duk abin da aka auna da shi. Katunan nan-take biyun kowanne makamashi ɗaya tak yake ci.

A ce mai ja ne ya fara. Ya auna beyar da Lightning Bolt, ya miƙa dama. Mai kore ya ce yana da martani, ya ɗora Giant Growth a sama. Kowa ya miƙa. Giant Growth ya fara zartuwa, beyar ta koma 5 da 5. Aka sake miƙawa, Lightning Bolt ya sauka a kan halitta mai juriya 5, ya yi ɓarnar 3, beyar ta tsira. Mai ja ya yi asarar katinsa a banza.

Yanzu a juya. Mai kore ne ya yi gaggawa, ya jefa Giant Growth don ya ƙara wa harinsa nauyi. Mai ja ya ɗora Lightning Bolt a sama tun ƙarin bai iso ba. Aradun ya fara sauka a kan beyar da juriyarta ke nan 2, ta mutu. Da aka zo kan Giant Growth, babu halittar da aka auna da shi, don haka ya wuce maƙabarta bai yi komai ba. Mai kore ya rasa kati biyu, mai ja ya kashe ɗaya.

Katunan ba su canja ba, makamashin ma bai canja ba. Abin da ya raba sakamakon biyu shi ne wanda ya yi haƙuri har ɗayan ya fara buɗe hannunsa. Wannan ne dalilin da ya sa gogaggun 'yan wasa kan zauna da katin nan-take a hannu zagaye bayan zagaye, suna jiran abokin karawa ya motsa.

Akwai wani abu da sababbi ke yawan mantawa. Bayan na sama ya zartu, ba a ci gaba da sauke sauran kai tsaye. Ana sake zagaya dama, kuma kowa na iya ɗora sabon kati a kan abin da ya rage. Tari na iya raguwa ya sake tsawo sau da yawa kafin ya ƙare.

Inda damar ke buɗewa a cikin zagaye

Zagaye ɗaya kashi biyar ne: farawa, babban mataki na farko, yaƙi, babban mataki na biyu, da rufewa. Kashin farawa ya ƙunshi miƙar da katunan da aka karkatar, da matakin kula, da jan kati. A lokacin miƙar da katuna babu wanda ke samun dama ko kaɗan. A matakin kula da na jan kati kuwa kowa na samu.

Manyan matakai biyun su ne kaɗai wurin da mai zagaye ke iya ajiye katin ƙasa, ya kira halitta, ko ya jefa katin jiran lokaci, kuma sai tari babu komai. Yaƙi shi ma an yanka shi: shiga yaƙi, bayyana mahara, bayyana masu tarewa, saukar ɓarna, da fita. Tsakanin kowane yanka da na gaba akwai tagar motsi. Mai kore da ya san aikinsa ba ya jefa Giant Growth kafin a bayyana masu tarewa. Yana bari sai abokin karawa ya zaɓi halittar da za ta tare beyar, ya ɗaure kansa da wannan zaɓin, sannan ya ƙara mata ƙarfi ta murƙushe mai tarewar.

Matakin rufewa shi ne gidan masu katunan shuɗi. Katunan ƙasa, waɗanda ke ba da makamashi, suna miƙewa ne a farkon zagayen mai su. Saboda haka duk makamashin da mutum ya kashe a ƙarshen zagayen abokin karawarsa, zai dawo masa bayan ɗan lokaci kaɗan. Mai shuɗi yakan bar ƙasashensa a miƙe tsawon zagayen ɗayan, Counterspell a hannu, katin da ke soke duk wani sihiri da ke kan tari da makamashi biyu. In an jefa abu mai haɗari ya soke shi. In ba a jefa ba, sai ya jira matakin rufewa ya kashe makamashin a kan kati irin Fact or Fiction na shekarar 2000, wanda ke cika masa hannu. Ko ta wace hanya bai yi asara ba.

Wani misali shi ne Vendilion Clique na 2008, halitta da ake iya kira a kowane lokaci, wadda ke ba mai ita damar leƙa hannun wani ɗan wasa ya cire masa kati. Ƙwararru kan kira ta a matakin jan kati na abokin karawa: ya riga ya ja sabon katinsa, don haka za a gan shi, amma bai shiga babban mataki ba, don haka ba zai iya jefa katin jiran lokaci ba. Taga ce ƙarama, wanda bai san tsarin zagaye ba ba zai ma san da ita ba.

Abubuwan da ba a yi musu martani

Ba komai ne ke hawa tari ba. Ajiye katin ƙasa ba ya hawa. Karkatar da ƙasa don samun makamashi ba ya hawa. Biyan farashi ma haka: idan kati ya ce a sadaukar da halitta kafin a tada ikonsa, halittar ta tafi tun lokacin biya, abokin karawa ba shi da hanyar kashe ta don ya hana.

Sannan akwai binciken da wasan ke yi da kansa duk lokacin da wani zai karɓi dama. Halittar da ɓarna ta kai juriyarta ana ɗauke ta, ɗan wasan da makinsa ya kai sifili ya faɗi, kuma babu mai sa baki. A ce mutum yana da makin rai 3, aka auna shi da Lightning Bolt, yana riƙe da Healing Salve mai ƙara maki 3. Idan ya jefa shi aradun na kan tari, makinsa ya hau 6, ya sauka 3, yana nan da ransa. Idan ya bari aradun ya sauka da niyyar warkewa daga baya, wasa ya ƙare kafin damar ta iso hannunsa. Kafin 1999 ba haka abin yake ba, domin a lokacin ana iya zama a sifili har ƙarshen matakin, a farfaɗo.

Wasu katunan kuma suna da ikon da ke tashi da kansa idan wani abu ya faru. Irin wannan ikon yana hawa tari ne a karon farko da wani zai karɓi dama. In na mutum biyu suka tashi tare, mai zagaye ne ke fara ɗora nasa, ɗayan ya ɗora a sama, wato na wanda ba zagayensa ba ne ke fara zartuwa. A 2006, cikin jerin Time Spiral, an fito da katuna irin su Krosan Grip da Sudden Shock, waɗanda muddin suna kan tari ba a jefa wani sihiri ko tada iko na yau da kullum. An yi su ne musamman don daƙile masu dogaro da martani.

Gyaran 2009

Tsarin 1999 ya zo da wani abu da ya daɗe yana ba sababbi mamaki: ɓarnar yaƙi ita ma tana hawa tari. Mogg Fanatic ya yi suna a kan wannan. Ƙaramar halitta ce mai 1 da 1, wadda ake iya sadaukarwa ta yi ɓarna 1. Mai ita yakan tare halitta mai juriya 2, ya bari ɓarnarta ta hau tari, sannan ya sadaukar da ita ya ƙara 1. Halittar da ta bar tebur ta kai duka, ta kuma yi jifa, ta kashe wadda ta fi ta.

A watan Yulin 2009, tare da jerin Magic 2010, kamfanin ya cire wannan. Yanzu ɓarnar yaƙi tana sauka ne kai tsaye, mai Mogg Fanatic kuma sai ya zaɓi ɗaya, duka ko jifa. Tsofaffin 'yan wasa da yawa sun yi ƙorafi cewa an rage wa wasan zurfi. Hujjar kamfanin ita ce zaɓi na gaskiya ya fi dabarar da kullum amsarta ɗaya ce, kuma sabon shiga ba zai ji an yi masa wayo da doka ba.

A kan tebur da kan allo

Da za a furta kowace miƙa dama da baki, wasa ɗaya zai ci yini, alhali a gasa minti 50 ake ba kowace karawa. Don haka dokokin gasa sun amince da gajerun hanyoyi. Wanda ya jefa kati ya yi shiru, ana ɗauka ya miƙa dama. In yana so ya riƙe ta don ya ɗora wani katin a kan nasa, sai ya faɗa a fili tun yana jefawa. Sau da yawa gardamar da alƙalan gasa ke rabawa kan lokaci daga nan take tasowa: wane mataki ake ciki lokacin da aka yi magana, kuma wa ke da dama.

Haɗarin miƙawa kuwa ɗaya ne ko'ina. Mai zagaye da ya miƙa dama tari babu komai, yana fatan ɗayan zai motsa, ya sa kansa a hannun wani. In ɗayan ma ya miƙa, matakin ya wuce, kuma ba a komawa baya.

A manhajar Magic: The Gathering Arena, wadda aka buɗe wa jama'a a 2018, kwamfuta ce ke miƙa dama a madadin wanda ba shi da abin jefawa. Wannan ya sa wasa sauri, amma ya zo da tonon asiri. Idan wasan ya tsaya yana jiran mutum, abokin karawarsa ya gane yana riƙe da katin nan-take. Idan ya wuce fit, ya gane hannun babu barazana. Shi ya sa masu wayo ke kunna tsarin cikakken iko, wanda ke tsayar da wasa a kowace taga ko da hannunsu babu komai. A tebur ma ana wannan yaudara: barin ƙasa biyu masu ba da shuɗi a miƙe ya isa ya sa abokin karawa ya riƙe katinsa mafi tsada, ko da babu Counterspell a hannun.

A tsarin Commander, inda mutum huɗu kan zauna da kati 100 da makin rai 40 kowanne, dama tana bin layin zama ɗaya bayan ɗaya, kuma sai duka huɗun sun miƙa a jere abu ke zartuwa. Nan siyasa ke shigowa, domin kowa na so wani ne zai kashe katinsa wajen tare haɗarin da ya shafi kowa, na ƙarshe a layi kuma shi ke rasa wanda zai tura wa.

Yadda sauran wasanni suka warware ta

Yu-Gi-Oh!, wanda kamfanin Konami ya fitar a Japan a 1999, yana da sarƙa mai kama da tari, inda na ƙarshe ke fara aiki. Bambancin shi ne da zarar sarƙar ta fara warwarewa, ba a ƙara mata komai sai ta ƙare, kuma katuna suna da matakan sauri uku, mai ƙasa ba ya yi wa na sama martani. Wasan katin Pokémon, wanda ya fito a 1996, ya kauce wa matsalar kusan gaba ɗaya, domin wanda ba zagayensa ba ne kallo ne nasa. Hearthstone na 2014 shi ma haka, sai dai yana da katunan sirri da ake ɗanawa su tashi da kansu. Kowannensu ya sayi sauƙin koyo da rage martani, Magic kuma ya karɓi wahalar dokoki don ya bar wa 'yan wasa biyun hannu a kowane zagaye.

Sai dai duk wannan jira da martani da yaudara a kan abu ɗaya suka dogara: makamashin da aka bari ba a kashe ba. Wanda ya karkatar da ƙasashensa duka a zagayensa, damar za ta zo hannunsa amma ba shi da abin yi da ita, in ban da katuna ƙalilan irin Force of Will na 1996, wanda ake biya da makin rai ɗaya da wani katin shuɗi daga hannu. Babi na gaba zai duba wannan tattalin: katin ƙasa nawa ya kamata a sa cikin 60, yadda ake jera farashin katuna daga mai araha zuwa mai tsada, da yadda ɗan wasa ke yanke shawarar kashe makamashinsa yanzu ko ajiye shi don zagayen abokin karawa.